Tumbuɗin Jariri Da Shari'ar Da Ake Yi Wa Uwarsa

Ranar Asabar da ta wuce, bayan na idar da sallar la'asar, na taka zuwa gidan 'yar ƙanena domin in duba jikinta, ita da Allah ya jarrabe ta da doguwar jinya bayan haihuwa har ruwan nononta ya ƙafe, aka koma shayar da yaron da madarar gwangwani. Sai na tarar da ɗaki cike da mata, an sa yarinya a tsakiya kamar wadda aka gurfanar gaban alƙali, alhali laifinta bai wuce cewa ɗanta ɗan wata uku yana yawan tumbuɗi ba.

Kowacce da fatawarta. Uwar mijinta, wadda nake ganin girmanta ƙwarai, ta yanke hukuncin cewa madarar ce ba ta karɓe shi ba, ga shi kuwa an riga an sauya iri uku cikin wata guda. Wata maƙwabciya ta ce a tsinka ta da ruwa domin ta yi masa nauyi, wata ta ce a'a, ɗan koko za a zuba ta yi kauri ta zauna a ciki, ta huɗu kuma ta ciro wata kwalba daga jaka wadda mai kyamis ɗin bakin layi ya rantse mata a kanta. Yarinyar ta dube ni da idanu sun kawo ruwa, ta ce, "Baffa, wallahi duk abin da aka ce in yi na yi." Na ce, "Na sani, 'yata. Miƙo mini bulumbotin."

Abin da na gani shi ya hana ni barci. An huda kan bulumbotin da allura mai zafi an faɗaɗa kafar, wai don kada yaro ya wahala, har idan ka kifa shi madara zuba take yi kamar bututu. Ana cika shi mililita 180, ana ɗura masa duk lokacin da ya buɗe baki ya yi kuka, yana kwance shame-shame, an tokare kwalbar da matashi. Da ya gama kuma sai a saɓa shi a baya, a tamke ciki da majanyi, a shiga daka ko shara. Na karɓi katin awonsa na duba: kilo 6, kuma layin yana hawa wata bayan wata. Yaro lafiyayye, yana dariya, yana jiƙa wando yadda ya kamata.

Hikimar halitta a nan ba ɓoyayya ba ce ga wanda ya tsaya ya tambaya. A inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai wata tsoka mai tsuke bakin, kamar zariyar wando, wadda a jikin babba take ɗaurewa tam bayan loma ta wuce, amma a jikin jariri ba ta riga ta yi ƙwari ba. Idan aka haɗa wannan da cewa abincinsa duka ruwa ne, kuma mafi yawan yininsa a kwance yake, to dawowar ɗan abin da ya sha ɗabi'a ce ta shekarunsa. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta bayyana a 2015 cewa aƙalla 4 cikin kowane jarirai 10 suna haka, abin yakan fara kafin mako 8, kuma 9 cikin 10 suna bari kafin su cika shekara ba tare da an ba su komai ba. Mizanin da likitoci ke bi kuwa shi ne kimanin mililita 150 ga kowane kilo a yini da dare, wato ga wannan yaro 900, wanda in an raba shi sau takwas bai fi 110 da 'yan kai ba a zama ɗaya. Ana zuba wa tulu fiye da abin da yake ci, sa'an nan ana tuhumar rijiya.

Nan ne bambancin gwangwani da nono yake, kuma ban taɓa jin an faɗe shi a gidan suna ba. Yaron da ke kan ƙirjin uwarsa, da ya ƙoshi sai ya saki, ba mai sanin nawa ya rage. Amma kwalba gilashi ce ko roba mai nuna ciki, ido yana ganin saura, aljihu yana tuna kuɗin gwangwani a wannan zamani na tsada, saboda haka sai a yi ta cusa masa har ya shanye, don kada a yi israfi, alhali israfin shi ne wanda zai dawo a kafaɗar riga bayan minti biyar. Da an rage awon an yawaita lokutan, an riƙe shi a ɗan tashe ana ba shi, an dakata a tsakiya an bubbuga bayansa ya yi gyatsa, an bar shi a kafaɗa kamar minti 20 kafin a kwantar da shi rigingine, da rabin wannan shari'a ba ta taso ba.

Tumbuɗin ba ya ba ni tsoro. Magungunansa ne ke ba ni. Wadda ta ce a tsinka madara da ruwa, yunwa ta rubuta wa yaro, kuma ruwan da ya wuce kima yana iya jirkita gishirin jininsa har ya kai ga farfaɗiya. Awon da ke jikin gwangwani, a fara zuba ruwan da aka tafasa wanda zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, sannan a bi da cokalin da aka shafe bakinsa, ba shawara ba ce da kowace goggo za ta yi wa gyara. Batun kwalbar kyamis kuwa, masu bin wannan shafi sun gaji da jin bakina, kuma ba zan fasa ba. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 maganin fitar haƙori mai suna My Pikin ya lalata ƙodar yara a ƙasar nan, 84 suka rasu, kuma ba ɗaya daga cikinsu da fitar haƙori za ta kashe. Mun binne su, mun manta, ga mu muna buɗe bakin ɗan wata uku muna ɗura masa abin da ba mu iya karanta sunansa ba, saboda wani mai shago ya ce wallahi.

Za a ce nonon uwa ya fi, haka ne, ba mai musu, amma wannan yarinya ba zaɓa ta yi ba. Ayar shayarwa a Suratul Baƙara da ta ambaci shekara biyu cikakku, ita ce kuma ta halatta a nemi wata ta shayar idan hali ya kama, kuma Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da Fiyayyen Halitta, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Bal ma fuƙaha'unmu na Malikiyya sun fi matan ɗakin nan tausayin mai goyo: a wurinsu abin da ciki ya dawo da shi mai tsarki ne muddin bai sauya daga kamannin abinci ba, kuma Shaihu Halil a Muhtasar ya sanya tufar mai shayarwa cikin abubuwan da aka yi wa afuwa daga fitsari da kashin jaririnta idan tana ƙoƙarin kiyayewa, ya so mata dai ta keɓe wani zane domin salla. Malamai maza, ƙarnuka da suka shuɗe, sun zauna sun yi tunanin zanen mai goyo sun yi mata rangwame. Mu kuma muna kiranta uwar gwangwani a gaban baƙi.

Na dai gaya mata alamomin da in ta gani kada ta jira fatawar kowa, ta nufi asibiti: aman da ke fita da ƙarfi yana yin tsiri, ko mai launin kore, ko mai jini, ko yaro ya ƙi sha, ya daina ƙara nauyi, fitsari ya ragu, maɗiga ta faɗa, ko zazzaɓi da zawo su biyo baya. Wani yaron kuma jikinsa ne ba ya jituwa da madarar saniya, wanda likita ne zai tantance, ba sauya gwangwani kowane mako ba.

Da zan fita na ɗauki yaron in yi masa addu'a, ya kuwa yi mini tukuici a kafaɗar babbar riga, uwar mijin ta zabura tana salati tana neman tsumma. Na ce, "Hajiya, bar shi, da ita zan yi magariba." Kan bulumbotin da aka huda yana aljihuna har yanzu, na sa an sayo sabo, kwalbar kyamis ce mai ita ta ƙi ba ni, ta mayar cikin jaka.