Wa ya ce amana ba ta da farashi a majalisar Birtaniya?

Wani mai sharhi ya rubuta cewa a siyasar Birtaniya aƙida da riƙon amana ado ne kawai, cin zaɓe shi ne komai. Wannan magana ba ta da tushe.

Ya manta da tsohon Firaminista Boris Johnson ne? A 2019 ya kai jam'iyyar Conservative ga rinjayen kujeru 80. A Afrilun 2022 'yan sanda suka ci shi tara saboda karya dokar kulle ta korona, dokar da gwamnatinsa ta kafa, alhali jama'a na binne 'yan uwansu ba tare da taron makoki ba. A Yulin shekarar, ministoci da mataimaka fiye da 50 suka ajiye aiki, dole ya sauka. A 2023 kwamitin majalisa ya tabbatar ya yaudari 'yan majalisa da gangan. Rinjayen bai cece shi ba.

Ga kuma Robin Cook, wanda ya bar gwamnatin Tony Blair a Maris 2003 don ya ƙi yaƙin Iraƙi. Da ya kammala jawabinsa, 'yan majalisa da dama suka miƙe tsaye suna tafa masa, abin da ba a saba gani ba a zauren.