Masu sha'awar tattakin ƙauyukan Ingila, Gulbin Kaba ma yana da hanyoyi

Kusan duk ƙarshen mako sai an ga hotunan a Facebook da TikTok. Matasan Nijar da Najeriya mazauna Birtaniya, jaka a baya, takalmi mai kauri a ƙafa, suna ratsa gonakin Turawa da tuddai masu ciyawa, suna shiga kurmi suna fita a bayan wani ƙauye mai tsohon coci. A nan gida masu kallo sun kasu biyu. Wasu dariya suke yi, suna cewa mutum ya tsere wa tafiyar ƙasa a Maradi ya je ya biya kuɗin jirgi yana yin ta a Ingila. Wasu kuma sha'awa ce ke kama su, suna ganin irin wannan jin daɗi sai a Turai.

Dukkansu sun tsallake tambayar da ta fi muhimmanci: me ya sa baƙo zai ratsa tsakiyar gonar Bature, mai gonar yana kallo, bai isa ya hana shi ba?

Doka ce ta ɗaure masa hannu. Ingila da Wales na da hanyoyin ƙafa na jama'a da tsawonsu ya kai kimanin kilomita dubu 225, an sa su a taswira, an kafa musu alamomi, kuma laifi ne manomi ya toshe su. Ba a banza aka samu wannan ba. Ranar 24 ga Afrilun 1932 ɗaruruwan ma'aikata matasa daga Manchester da kewaye suka hau tudun Kinder Scout da gangan, filin da masu ƙasa suka killace don farautar tsuntsaye. Aka yi artabu da masu gadi, aka ɗaure biyar daga cikinsu a kurkuku. Dokar 1949 ta umarci hukumomi su rubuta hanyoyin, ta 2000 kuma ta buɗe tuddai da filaye da dama ga kowa. Ɗan Tasawa da ke ɗaukar hoto a can yau, gumin waɗancan ma'aikata yake ci.

Gundumar Mayahi ba ta da tuddai masu ciyawa shekara zagaye, amma wanda ya ce ba ta da abin gani bai taɓa sauka daga mota ba. Garin yana zaune a bakin Gulbin Kaba, tsohon kwari da ya yi baka a tsakiyar jahar Maradi, wanda ya ci sunansa daga kabar goruba. Daga wannan kaba mata ke saƙa tabarmi da igiya su kai kasuwa, da ita gidaje da yawa ke cike giɓin hatsi idan damina ta yi gardama. In an fita kwarin sai jigawa, tana hawa tana sauka, gawo a warwatse cikin gonakin gero. Gawo kuwa itace ne mai nasa tsarin: yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, sai rani ya yi kore shar, 'ya'yansa su ciyar da tumaki da awaki lokacin da ciyawa ta ƙare. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kwashe amfanin gona kuma zafi bai sauko ba, tafiyar awa uku da sassafe a wannan ƙasa ba ta bukatar biza.

Itatuwan ma suna da tarihi na kusa, wanda 'yan birni da yawa ba su sani ba. A farkon shekarun 1980 gonakin jahar Maradi sun kusa zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maradi, ya lura cewa kututtukan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a datse duk tohon, sai manomi ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ya gyara su, ya bar su su girma. Manoma suka kira abin sassabin zamani. Da farko an yi wa masu yin sa ba'a, ana cewa gonarsu ƙazama ce. Daga baya hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna dabarar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, akasari a jahohin Maradi da Damagaram. Masana daga ƙasashe da dama sun yi ta zuwa ƙauyen Ɗan Saga a gundumar Agye don ganin yadda kwamitin gari ke gadin itatuwa. Baƙi sun keto duniya sun gani, ɗalibin jami'ar Maradi kuwa zai iya gama karatu bai taɓa taka wurin ba.

Matsalar dai ita ce hanyar da za a bi. Ƙasar Hausa ta daɗe da nata hanyoyin jama'a: burtali, turbar rijiya, hanyar kasuwa, makiyaya da mashaya. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta amince da su, ta kafa kwamitocin filaye, dokar kiwo ta 2010 kuma ta ƙara jaddada cewa burtali ba na kowa ba ne shi kaɗai. A takarda Nijar ba ta bar komai ba. A ƙasa kuwa labarin daban ne. Ƙidayar 2012 ta samu fiye da mutum dubu 500 a gundumar Mayahi, gonaki na ta rabuwa wajen gado, kowace damina sai garma ta ɗan ci bakin burtali taku ɗaya, baɗi ta ƙara wani. Kwarin goruba ma haka ake yanka shi a mayar gona. Manomin da ke yin haka ba mugu ba ne, baki ne ya yi masa yawa a gida. Amma inda burtali ya tsuke, nan shanu ke faɗa wa shuka, kuma jahar Maradi ba ta manta da Toda ba, inda a watan Oktoban 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan fiye da mutum 100, yawancinsu mata da yara.

A nan ne tattaki ke tashi daga wasa. Hanyar da ake bi a kai a kai, aka ɗauki hotonta, aka san faɗinta bara da bana, tana da wuyar ci a ɓoye. Ƙungiyoyin matasa na Mayahi da Tasawa da Kanan Bakashe suna da wayoyi masu nuna taswira a aljihu. Babu abin da zai hana su bin burtali ɗaya sau biyu a shekara tare da makiyayi da wakilin mai gari, su miƙa abin da suka gani ga kwamitin filaye. 'Yan ƙasar waje da ke aiko kuɗin gasar ƙwallo za su iya sayen siminti a kafa alamomin iyaka.

Za a ce wannan sha'awar ƙoshi ce, tunda matar ƙauye na yin tafiyar da ta fi haka kullum da itace a ka, ba wanda ya ɗauke ta hoto. Gaskiya ne, kuma duk ɗan birnin da ya je yana kallon ta kamar abin nishaɗi gara ya yi zamansa a fada ya sha shayi. Sai dai ita ce ta fi kowa asara idan turba ta toshe ko goruba ta ƙare. Za a kuma kawo batun tsaro, kuma ba a raina shi: dajin Baban Rafi da ƙauyukan iyaka a Madarunfa sun ɗanɗana satar mutane da dabbobi. Babu mai hankalin da zai fita ba tare da sanin mai gari da hukuma ba, ko ya ratsa gona ana tsakiyar damina.

Ga mai son tarihi, hanyar tana da abin ba shi. Ta Tasawa matafiyin nan Heinrich Barth ya biyo a Janairun 1851 kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. A Maijirgi kuma, gabas da Tasawa, kaburburan Voulet da Chanoine suke, hafsoshin Faransa da suka ƙone garuruwa tun daga yamma har sojojinsu suka harbe su a Yulin 1899. Motocin Damagaram na wucewa ta garin kullum da gudu, fasinjoji na duba waya.