A Sauke Bakandamiya Daga Kan Karaga

Tun ranar 18 ga Yuni, 1999 Alhaji (Dokta) Mamman Shata Katsina ya riga mu gidan gaskiya, amma har gobe in kana son ka ta da ƙura a majalisar dattawa a Rano ko Kibiya, ba sai ka ɗauko zancen siyasa ba. Ka dai ce, "Wai wace ce ta fi a cikin waƙoƙin Shata?" Kafin mai shayi ya sauke tukunya an rabu gida biyu ko uku. Kuma duk inda aka je aka komo, masu rinjayen baki su ne 'yan Bakandamiya. Sukan ambaci sunanta ne kamar alƙali ya yanke hukunci, su gyara zama, wai su nan magana ta ƙare. To, ba ta ƙare ba. Ni na ce an naɗa wa Bakandamiya rawanin da ba nata ba, kuma akasarin masu naɗin ba aunawa suka yi ba, ji suka yi ana faɗa su ma suka ɗauka.

Kada wani ya yi mini ƙazafin raina waƙar. Waƙa ce mai nauyi, mai tsayar da gashin jiki, wadda in kalangu ya ɗauke ta ko mai ciwon baya sai ya miƙe zaune. Abin da nake ja da shi shi ne a ce ita ce ƙololuwa, bayanta babu sauran abin dubawa.

Da farko ma, wace Bakandamiyar? Wannan ita ce tambayar da ba a son ji a majalisa. Shata bai yi waƙar sau ɗaya ya ajiye ba. Ya yi ta a wurare da yawa cikin shekaru masu yawa, kuma kowa ya san ɗabi'arsa: ba ya zama ya tsara baiti a gida ya haddace, a fili yake ƙaga abinsa, gwargwadon wanda ke zaune gabansa da abin da ya faru a ranar. Amshi ne kawai ke nan daram, sai wasu ɗiyan waƙa da yakan komo musu. Saboda haka wadda mutumin Rurum ya sani a kaset ɗin mahaifinsa daban take da wadda mutumin Tarai ya saba ji a rediyo. Sai ka ga dattawa biyu sun yi musu har jijiyar wuya, wannan yana rantsuwa akwai wuri kaza a ciki, wancan yana cewa ƙarya ne, alhali kowannensu gaskiya ya faɗa. Ashe kowa kaset ɗinsa yake karewa, yana zaton waƙa yake karewa.

Shi wannan musu na "wanne ya fi" yana da gidansa, kuma a can ya dace. A Ingila masoya ƙungiyar mawaƙan nan ta Beatles sun fi shekara hamsin suna jayayya tsakanin faifansu Revolver na 1966 da Sgt. Pepper na 1967 da Abbey Road na 1969. Su suna da hujjar yin haka, domin waɗannan samari a 1966 suka daina yawon wasa gaban jama'a, suka shige ɗakin ɗaukar sauti, suna kwashe watanni a kan faifai guda, ana gyarawa ana sakewa har ya fito yadda suke so. Faifan shi ne aikin, kuma wanda aka saya a Landan shi ne aka saya a Legas, babu ragi babu ƙari. Shata fa? Shi aikinsa a dandali yake, a gidan biki, a ƙofar fada. Faifai baƙo ne da ya zo ya tarar da shi. Ƙaramin faifan garmaho 'yan mintoci yake ɗauka a kowane gefe, babban kuwa kimanin minti ashirin. Kaset da ya yaɗu a ƙasar Hausa cikin shekarun 1970 minti talatin ne ko arba'in da biyar a gefe ɗaya. Mutumin da zai iya raba dare a kan kalangu, shi ne aka ce ya taƙaita don ya shiga cikin wannan ɗan akurki. Wanda ya ɗauki abin da na'ura ta iya kamawa ya ce shi ne iyakar Shata, kamar wanda ya ɗebo ruwa a buta ne daga Tiga ya ce ga dam ɗin nan ya kawo.

To me ya ba Bakandamiya wannan sarauta? Abu na farko sunanta. A al'adar makaɗa, bakandamiya ita ce waƙar da mawaƙi ke wasa kansa a ciki, ya nuna ya fi sa'o'insa. Wato mai kaya ne ya yi wa kayansa kuɗi, mu kuma muka biya ba tayi. Yaushe aka fara karɓar shaidar mutum a kan kansa ba tare da an bincika ba? Abu na biyu, kuma a nan laifin namu ne mu 'yan boko, ita ce waƙar da ta fi sauƙin rubuta takarda a kanta. Cike take da kirari da kambama kai da siffantawa, duk abubuwan da ɗalibi zai ja wa layi a ƙasa ya ba su suna, ya samu maki. Tun da Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, aka buɗe ƙofa mai albarka, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta cika ladan da ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Sai dai da yawan waɗanda suka biyo baya ba su shiga ɗakin ba, a bakin ƙofa suka tsaya suna maimaita abin da aka riga aka faɗa.

Ga kuma maganar da na san za ta jawo mini zagi, amma sai na faɗe ta. In dai fagen wasa kai ne da saƙa magana mai lauje cikin naɗi, Ibrahim Narambaɗa ma yana da tasa Bakandamiyar, kuma a wannan fage kalmominsa sun fi cukuɗewa, sun fi zurfi. Ba abin mamaki ba ne. Narambaɗa makaɗin fada ne, mai kotso, wanda ya zauna ƙarƙashin Sarkin Gobir na Isa, shi da yaransa suna tsara waƙa suna gogewa kafin a fito da ita. Wanda duk ya ce Bakandamiya ce iyakar Shata, ya kai gwaninsa kokawa ne a filin da wani ya fi shi sanin ƙasar wurin, bai kuwa sani ba.

Girman Shata a wani wuri yake. A tuna kalangu ba kiɗan sarauta ba ne. Kiɗan mahauta ne da na 'yanmata a dandali. Fada tana da tambari da algaita da kakaki da taushi da kotso. Ɗan Musawan nan da aka haifa a 1923, wanda ya fara da tallan goro da alewa, shi ya ɗauki wannan ganga ta kasuwa ya shiga da ita gaban sarakuna, ya shiga da ita gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, har ta zama muryar Arewa baki ɗaya. Kuma da ya shiga bai rufe ƙofa a bayansa ba. Ya yi wa direba waƙa, ya yi wa ɗan kasuwa, ya yi wa dillali da dogari da mace mai abin hannunta, da irin kiɗan da ya yi wa mai sanda. Kafin shi, wa ke tsammanin sunan mai tuƙa mota zai yi shekara hamsin a bakin mutanen da ba su taɓa ganinsa ba? Yau yaron da aka haifa bayan rasuwar Shata ya san sunan Garba Bichi, alhali in ka tambaye shi wane ne hakimin garinsu a wancan zamani sai ya yi ta sosa ƙeya. A cikin waɗannan waƙoƙi na mutanen kasuwa da tasha, na tsakanin samun 'yancin kai a 1960 da ƙarshen shekarun 1970, lokacin da muryarsa ke da kaifi kuma numfashinsa ke da tsawo, a nan nake cewa a nemi waƙarsa da ta fi. A cikinsu ne za ka ji yana lissafa garuruwa kamar kana cikin motar, yana yi wa na kusa da shi ba'a, yana juya zance a tsakiyar ɗa ba tare da ya saki kiɗa ba. A Bakandamiya Shata yana gaya mana shi gwani ne. A waɗannan kuwa gwanintar yake yi muna kallo.

Akwai rukuni na biyu a majalisunmu, masu cewa waƙar Sarkin Daura Muhammadu Bashar ce kan gaba. Waɗannan na fi ganin girmansu, domin sun saurara kafin su zaɓa, kuma amanar da ke tsakanin mutanen biyu ba ɓoyayya ba ce, tun da a Daura aka binne Shata. Amma ina zargin son sarauta ne ke ja musu kunne. Mu mutanen ƙasar Autan Bawo an san mu da wannan, balle da muka ga an ɗaga masarautar Rano a 2019, aka rushe a 2024, aka kuma maido ta a daraja ta biyu cikin shekarar. Duk abin da ya taɓa rawani yana taɓa mu. Sai dai son rawani daban, awon waƙa daban.

Har waƙar da ya yi wa kumbon Afolo, bayan Amurkawa sun sauka kan wata a Yulin 1969, ta fi Bakandamiya nuna ko wane ne shi. Mutumin da bai zauna aji ba ya ji labarin abin da ya gagari hankalin malamai da yawa a lokacin, ya sa shi cikin kalangu, ya kai wa manomin Kibiya har gona. Wane makaɗin fada ne zai yi wannan?

Sannan duk wannan musu da ake yi, wa ya taɓa jin an ambaci masu kiɗan? Turawan da muke kwaikwayon gardamarsu sun san sunan mai gangar ƙungiyarsu, sun san wa ya kaɗa me a wace waƙa. Mu kuwa sai mu ce "Shata" kamar shi kaɗai ya tsaya a fili. Cire kalangai da kuntukuru da 'yan amshi ka gani in ɗiyan waƙar za su tsaya da ƙafarsu. Rabin daɗin kowace waƙa tasa yana cikin yadda manyan kalangai ke ba shi amsa, su buɗe masa hanya, su rufe in ya gama. Mu marubuta mun fi kowa wannan zalunci: in za mu juya waƙar a takarda sai mu rubuta amshi sau ɗaya a sama, mu jera baitoci a ƙasa kamar rubutacciyar waƙa, mu zubar da kiɗan gaba ɗaya, sannan mu zauna muna yanke hukunci a kan gawa.

Ga abin da ya sa na damu har na ɗauki alƙalami. Muddin aka yarda cewa waƙa ɗaya ce sarauniya, sauran sun zama bayi, ba mai kula da inda suka kwana. Masu tura waƙa a waya abin da aka fi tambaya shi suke ajiyewa, shi ma a gutsure, wani da tallan shagonsu a tsakiya, babu shekara, babu wurin da aka yi wasan. Alhali a cikin adakar tsofaffi a Rano da Kibiya da Bunkure akwai kaset-kaset da aka ɗauka a gidajen biki da rediyo mai kaset, waɗanda wataƙila babu kwafinsu a ko'ina a duniya. Zaren kaset ba ya jure zafi da laima. Mai shi na rasuwa, magada za su raba gona da shanu, su watsar da kwalin a bayan ɗaki, yara su zare zaren su yi wasa da shi.

Ƙungiyarmu tana da mambobi a waɗannan ƙananan hukumomi. Aikin bai fi ƙarfinmu ba: a bi gida-gida a ari kaset, a juye shi a kwamfuta, a mayar wa mai shi abinsa, a zauna da shi ya faɗi bikin wa aka yi, a wane gari, a wace shekara, su wa ke riƙe da kalangu a ranar. Littafin Shata Ikon Allah da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006 ya nuna ana iya bin sawun mutumin nan in an sa kai. In mun tara Bakandamiya goma daga garuruwa goma, muka jera su kusa da waƙoƙin direbobi da 'yan kasuwa, to a ranar 'yan Bakandamiya su zo da hujjarsu, ni ma zan zo da tawa, a kunna a saurara tun daga farko har ƙarshe.