Zauren masu buɗaɗɗiyar manhaja: kira ga Boɗinga da Shagari

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, sai fa ga wanda ya shiga wani shiri na ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa ba ta hawa kan tsofaffin na'urori da yawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon buga takardu a Boɗinga ko Shagari ya san irin kwamfutocin da ke can: yawanci 'yan gwanjo ne, batir ya mutu, sai an jona da janareto, amma da su ake cika wa yara fom ɗin jarrabawa, da su ake buga takardar neman aiki. Su ne yanzu ake ce mana sun tsufa.

Maganin wannan ya daɗe a duniya, kuma kyauta ne. A 1983 Richard Stallman ya fara aikin GNU a Amurka, a 1991 kuma wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya fito da Linux. Ƙa'idar ɗaya ce: manhajar da kowa ke da damar kwafa, ya leƙa yadda aka gina ta, ya gyara, ya miƙa wa wani. Ubuntu da Linux Mint da LibreOffice duk daga nan suka fito, kuma suna tafiya lafiya lau a kan kwamfutar da ta haura shekara goma.

Sai dai manhajar ba da ƙafarta ta zaga duniya ba. Mutane ne suka ɗauke ta, ta hanyar ƙananan ƙungiyoyi na gari-gari da na jami'o'i, masu haɗuwa sau ɗaya a mako ko a wata. Wanda ya taɓa zama a irin wannan taro ba ya mantawa. Aji ne da aka ara ranar Asabar, soket ɗaya mutum shida, filash guda yana yawo daga hannu zuwa hannu. Wani malamin makaranta ya zo da kwamfutarsa a cikin jakar leda, ta cika da ƙwayoyin cuta, ya riga ya fid da rai. Yaron da bai kai ɗansa ba ya ja kujera kusa da shi, ya ce, "Malam, kai za ka danna da hannunka, ni dai zan nuna maka." Kafin La'asar kwamfutar ta tashi garau. Ba a karɓi ko sisi ba, kuma a zama na gaba malamin ne ke nuna wa wani.

Wannan zama ne ke ja da baya, a nan gida da ma ƙasashen da ya samo asali. Wayar hannu ta maye gurbin kwamfuta a hannun matasa, kowa ya koma neman amsa a YouTube ko wurin ƙirƙirarriyar basira. Annobar korona ta 2020 ta watsa taruka, yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022 ya sake watsa ɗalibai, cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma ya sa zuwa taro daga ƙauye ya zama lissafi. Amma a ganinmu babbar cutar ita ce rashin magaji. Sau da yawa ƙungiya tana rataye ne a wuyan mutum ɗaya. Ranar da ya gama karatu ya tafi bautar ƙasa, ko ya sami aiki a Abuja, shi ke nan an rufe babi. Ko a lokacin da abin ke tashe ma, a birane ya fi tsayawa, bai cika gangarowa ƙananan hukumomi ba.

Za a ce ai komai yana intanet. Mutanen jihar Sakkwato sun fi kowa sanin iyakar wannan magana. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Sakkwato saboda matsalar tsaro. A irin wannan hali, abin da ke cikin filash ɗin maƙwabcinka ya fi abin da ke can nesa amfani. Akwai Kiwix, buɗaɗɗiyar manhaja da ke ba da damar karanta Wikipedia ba tare da data ba, amma sai wani ya sani ya gaya maka. Haka ma rubuta ƙ da ɗ da ɓ a kwamfuta: Keyman tana yin wannan kyauta, duk da haka takardu nawa ne ake bugawa kullum da Hausar da aka yanke wa lanƙwasa? Masu gina Wikipedia ta Hausa da masu binciken HausaNLP sun nuna abin da 'yan sa-kai ke iya yi wa harshenmu idan suka haɗa kai.

Kuma wannan tsari ba baƙo ba ne a yankin. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana Boɗinga. Ɗalibi kan ari littafi ya kwafa da hannu, ya karanta a gaban malami a gyara masa kuskure, sannan ya tafi da shi garinsu. 'Yan Taru na Nana Asma'u ma haka suka kai ilimi ga matan ƙauyuka, jaji, wato jagorarsu, tana gaba. Shagari kuwa garin Alhaji Shehu Shagari ne, wanda ya riƙe alli a aji tun kafin ya riƙe ƙasa a 1979. Jikokin waɗannan mutane ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan amfanin zama a raba ilimi.

Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba. Shugabannin makarantun sakandare da ke da ɗakin kwamfuta su buɗe shi Asabar ɗaya a wata. Tun 2015 ake rubuta jarrabawar JAMB a kan kwamfuta, bai kamata yaro ya fara taɓa linzamin na'ura ranar jarrabawa ba. Ƙananan hukumomin biyu su ɗauki nauyin sola ko man janareto. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, musamman 'yan asalin yankin, su riƙa zuwa bi da bi, a kuma ware wa 'yan mata lokacinsu da mai koyar da su mace. Duk wanda ya jagoranci zama, ya tabbata akwai mutum biyu da za su iya riƙe shi a bayansa.

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari, da iyayen ƙasa, da malaman makarantu: kafin a tura tsofaffin kwamfutocin nan ga 'yan jari-bola, a ba matasa ɗaki ɗaya da wuta, a tsayar da ranar zama na farko a cikin wannan zangon karatu.