Kareti da Damben Boksin: A Tare Naushi Ko A Kauce Masa?

Yau za mu taɓo gardamar nan da ba ta ƙarewa idan an tashi tara: in ɗan kareti ya tsaya gaban ɗan damben boksin, zai iya tare naushinsa kamar yadda muke gani a fim?

Mu fara da kareti. Asalinsa tsibirin Okinawa ne, kuma a 1922 Gichin Funakoshi ya nuna shi a Tokyo, daga nan ya bazu. Sabon ɗalibi yakan fara da koyon tarewa da damtse. Akwai age-uke, wato ɗaga damtse sama don kare fuska. Akwai gedan-barai, wato share hannu ƙasa don kare ciki da mara. Ɗaya hannun kuwa ana janye shi zuwa ƙugu. A farkon koyo, da naushi ɗaya tak ake gwada su: abokin atisaye ya tako, ya miƙo hannu, ya bar shi a miƙe.

To, ɗan boksin ba ya barin hannu a miƙe. Yakan jefo naushi da hannun gaba ya janye nan take, ya biyo da na baya, sannan ya lanƙwaso wani ta gefe zuwa muƙamuƙi, ko ya taso da shi daga ƙasa zuwa haɓa. Tsakanin ido ya gani da hannu ya motsa, mutum na buƙatar kimanin rubu'in daƙiƙa. Saboda haka wanda ya kai hannu nesa don tare na farko, ya buɗe wa na biyu ƙofa.

Shi ya sa kariyar 'yan boksin ba ta da faɗi. Hannu na kusa da kumatu, haɓa a sunkuye, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. In naushi ya zo, sai a ɗan kaɗe shi da tafi ya goce, hannu ya koma mazauninsa. Ko kuma a kautar da kai, ko a ja da baya taku ɗaya. A 1974 a Kinshasa, Muhammad Ali ya jingina da igiya ya rufe fuska, George Foreman ya yi ta duka har ya gaji, Ali ya kayar da shi a turmi na 8. Amma mu lura, safar hannu mai kauri tana taimaka wa wannan rufewa. Da hannu tsirara, naushi na iya kutsawa ta tsakani.

Kada mu raina kareti. Manyan motsin nan kamar manyan baƙaƙen da muka fara rubutawa ne a aji ɗaya na firamare: hannu na faɗawa, sai su ƙanƙance. Gwanayen kareti a fagen gasa su ma kaɗewa suke yi da gocewa, kuma suna da ƙafa da ke tsayar da abokin karawa daga nesa. Bruce Lee, wanda ya koyi salon Wing Chun a Hong Kong, bai ji kunyar aron taku da naushi daga boksin ba.

Ko a dambenmu na gargajiya hikimar ɗaya ce. Hannun da aka naɗe da zare shi ne mashi, ɗayan kuma garkuwa. Da garkuwar ɗan dambe ke auna tazara, yana ture hari tun bai iso ba.

Amsarmu ke nan: sunan wasa ba ya kare fuska. Abin da ke kare ta shi ne taƙaitaccen motsi, kiyaye tazara, da yawan atisaye da abokin da ke kawo naushi na gaske, a gaban mai horarwa, da robar kare haƙora a baki.

Jan kunne na ƙarshe: kada mu gwada wannan a bayan aji. Naushi ɗaya a ka na iya girgiza ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya ji jiri, amai ko ciwon kai bayan bugu, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. In kuwa rigima ce ta taso a hanya, ficewa daga wurin ta fi kowace tarewa. Maganin bari, kar a fara.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.