Goyo a bakin murhu: hayaƙi da ciwon asma ga yaran Batsari da Safana

Idan hunturu ya kama, iska na kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi ta sauke mana hazo, kuma kowace uwa a Batsari da Safana ta san lokacin tarin yara ya zo. Sai dai hazon da kuke gani a sama bai kai hayaƙin da ke cikin gida haɗari ga ƙirjin yaronku ba, domin hazo na 'yan watanni ne, murhu kuwa kullum ne.

Shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan bindiga a bakin dajin Rugu sun ƙara dagula lamarin. Iyalan da suka bar ƙauyukansu sun cunkushe a ɗakuna ƙanana cikin gari, inda ɗaki ɗaya shi ne madafa, shi ne makwanci. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji saboda tsaro, daga baya kuma iskar gas ta yi tsadar da talaka ba ya ko tambayar kuɗinta. Wanda itace mai kyau ya gagara, kara da ɗanyen icce da kashin shanu zai hura, ya tayar da wutar da leda.

Me hayaƙin ke yi wa yaro? Jariri na numfashi sau 30 zuwa 60 a minti ɗaya, babba kuwa 12 zuwa 20, don haka a gwargwadon jikinsa ya fi ku shaƙa. Hanyoyin iskarsa sirara ne, huhunsa bai gama ginuwa ba. Ƙananan ɓurɓushin hayaƙi na shiga can ciki su kumbura bangon hanyoyin, su sa su riƙa tsukewa da abu kaɗan. Bangon da ya sha wannan wahala ya fi saurin yin bori idan ya haɗu da ƙurar katifa ko kashin kyankyaso, daga nan sai atishawa da yoyon hanci da shesshekar dare. Gado na da hannu, amma gado ba ya aiki shi kaɗai.

Abin ma tun daga ciki yake farawa. A Kintampo ta ƙasar Gana an bi mata masu juna biyu, aka ga jariran waɗanda suka fi shaƙar hayaƙin girki sun zo da raunin aikin huhu. Wani bincike na 2013 kan yara sama da 500,000 a ƙasashe 47 ya nuna alamun asma sun fi yawa a gidajen da ake girki da buɗaɗɗiyar wuta.

Ba zan ce ku koma gas ba, na san halin aljihu. Murhun zamani ma ba shi ne ƙarshen magana ba: da aka gwada shi a Malawi, bai rage limoniyar yara ba. Abin da ke hannunku shi ne tazara. Uwa, ki sauke goyo kafin ki hura wuta, domin yaron da ke bayanki yana shaƙar duk abin da kike shaƙa. A yi girki a tsakar gida da busasshen itace, ban da leda da roba. Kaskon gawayi kada ya kwana a rufaffen ɗaki, wannan kashewa yake yi a dare ɗaya. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa su ma hayaƙi ne, gidan sauro ya fi. Maigida, sigari da janareta a nesa da taga.

Tarin da ke tada yaro cikin dare, ko ƙirji mai fito idan ya yi guje-guje, ya wuce a yi ta sayen maganin mura a kemis. Ku kai shi a duba. Idan likita ya rubuta maganin shaƙa, kada ku tsorata, ba ya zama jaraba kamar yadda ake yaɗawa.

Amma idan haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya kasa shan nono, ko leɓensa ya sauya launi, ko numfashinsa ya kai 50 a minti (ɗan wata 2 zuwa 11) ko 40 (ɗan shekara 1 zuwa 5), ku nufi asibiti mafi kusa a ranar, kamar Babban Asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma, tun da sauran rana a hanya.