Doki 700 da gwiwar ɗan shekara 67

A nan gida idan aka ce wane ya sayi V8, kowa ya san Land Cruiser ake nufi, motar ministoci da manyan ƴan kasuwa. A Amurka kuwa idan dattijo ya ce yana neman V8, wata aba daban ke ransa: mota gajera mai ƙofa biyu da dogon hanci, wadda aka cusa mata injin mai silinda takwas da ya fi ƙarfin jikinta, tana tafe tana gurnani. Sunan da suke kiranta da shi ma'anarsa mota mai ƙwanji. Kuma akwai wata muhawara da tsofaffin ma'aikatansu ke yi da zarar ranar ritaya ta gabato: wacce zan riƙe, wacce zan sayar, ko kuwa in kwashi kuɗin sallama in sayo wadda na daɗe ina mafarki?

Na san wani mai karatu zai ce wannan ai maganar waɗanda suka ƙoshi ce. Gaskiya ne. Amma kada mu yi saurin dariya. Mu ma muna da dattawan da ba su da albashi kuma, amma ga doki ɗaure a turke yana cin hatsi da harawa fiye da abin da yara uku za su ci, don kawai a hau shi ranar salla a bi Sarkin Damagaram ko na Katsinar Maraɗi. Ba wanda ke ce musu mahaukata. Abin da doki yake gare su, shi wannan mota take ga Ba'amurke ɗan Mishigan ko Ohayo. To tambayar ta cancanci a amsa ta da hankali, kuma ina da ra'ayi a kanta.

Sai an san inda abin ya samo asali kafin a gane dalilin da ya sa tsofaffi ne ke wannan lissafi. A 1964 wasu injiniyoyin Pontiac, a ƙarƙashin John DeLorean, suka ɗauki injin lita 6.4 na babbar mota suka saka a matsakaiciyar mota mai suna Tempest, suka kira ta GTO. Dokar kamfanin uwa, General Motors, ta hana saka irin wannan inji a mota mai wannan girma, sai suka zagaya ta da cewa ai ƙari ne da mai saye ke zaɓa. Sun yi zaton za su sayar da 5,000, sai ga shi sun sayar da fiye da 32,000. A watan Afrilu na wannan shekara Ford ya fito da Mustang a kan dala 2,368, kuma kafin a cika shekara biyu an sayar da miliyan ɗaya. Daga nan kowa ya shigo fage: Charger, Camaro, Chevelle, Challenger, Barracuda. Matasan da aka haifa bayan yaƙin duniya na biyu, daga 1946 zuwa 1964, su ne suka tashi da wannan ƙara a kunnensu. Waɗanda suka iya suka saya, saura suka bi da ido.

Bikin bai daɗe ba. Kamfanonin inshora suka tsawwala kuɗi ga duk saurayin da ke tuƙa irin waɗannan motoci, dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta rage ƙarfin injuna, sannan takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa a 1973 ya ƙarasa aikin. Cikin shekara goma an gama. Sai wajen 2005 kamfanonin suka farga cewa yaran nan na da sun girma, sun yi kuɗi, suka dawo musu da siffofin ƙuruciyarsu: Mustang mai kama da ta da a 2005, Challenger a 2008, Camaro a 2010. Yanzu waɗannan mutane ne ke ajiye aiki. Wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama sai ya kai shekara 67 yake samun cikakken fansho na gwamnati. Ga gareji, ga lokaci, amma kuɗin da ke shigowa kowane wata ya ragu kuma ba zai sake ƙaruwa da yawa ba.

Mu ɗauki misalin mutum ɗaya. Yana da Challenger ta zamani mai matsakaicin V8 da ya gama biyan kuɗinta, zuciyarsa kuma tana ja masa wuri biyu: ko dai ya canza ta da Hellcat, ko ya nemo tsohuwar mota ta 1969 irin wadda maƙwabcinsu ke da ita yana yaro.

Hellcat ce na fi ƙi masa, don haka bari in fara da ita. Dodge ya fito da ita a 2015 da ƙarfin doki 707, tana iya kaiwa kilomita 320 a awa. A duk faɗin Amurka, hanyar da doka ta fi sakin mara ita ce wani yanki a Texas inda aka yarda a yi kilomita 137. Kamfanin da kansa ya san abin da ya ƙera, shi ya sa ya riƙa ba mai saye makulli biyu, ja da baƙi. Idan da baƙin ka tayar, injin ba zai ba ka fiye da doki 500 ba. Wato an ƙera motar da ake buƙatar makulli na musamman don a hana ta zama kanta. A cikin gari tana shan kusan lita 18 a kilomita 100, kuma mai tsadar take sha, ba na kowa ba. Tayoyin baya ba sa daɗewa. Inshorarta kuwa ba a magana, musamman da yake ɓarayi sun sa mata ido: a ƙididdigar da cibiyar kamfanonin inshora ta fitar a 2023, Charger Hellcat ce ta zo ta ɗaya a motocin da aka fi sacewa. Dattijon da ya ajiye aiki don ya samu barci, ya sayo abin da zai sa shi leƙa taga da tsakar dare?

Sannan ga abin da ba a son faɗa. Motar nan ta kai tan biyu, kuma duk ƙarfinta tayoyin baya ne ke ɗauka. Ido da ƙafar ɗan shekara 67 ba su ne na ɗan shekara 30 ba, ko da zuciyar ta ƙi yarda. Doki 375 na Challenger R/T, ko 480 na Mustang GT, sun riga sun wuce abin da kusan duk motocin 1970 ke bayarwa a zahiri, domin alƙaluman wancan zamani ana auna su ne da inji tsirara a kan benci, ba salansa ba komai, sai a 1972 aka koma awo na gaskiya. Abin da mutumin ke nema ƙara ce da rawar da kujera ke yi idan an tsaya a danja. Wannan kuwa matsakaicin V8 na ba da shi cikakke.

Batun tsohuwar mota ya fi wuyar yankewa, kuma a nan nake jinkirtawa. Masu goyon bayanta suna da hujja mai ƙarfi. Mota ce da mutum zai buɗe hancinta ya ga komai: kafireto, fulogi, lagireto, bel. Ba kwamfuta, ba sai an jona na'ura kafin a san ciwonta ba. Wanda ya yi shekara arba'in yana tashi da asuba zuwa masana'anta, ranar da aka ce ya zauna gida babban abokin gabarsa shi ne zaman banza. Tsohuwar mota na ba shi aikin hannu, tana ba shi abokai, tana ba shi dalilin fita ranar Asabar da safe zuwa inda masu irinta ke taruwa su sha kofi su yi musu a kan lambar inji. Kowane watan Agusta dubban irinsu na jerin gwano a titin Woodward na Detroit, abin da aka fara tun 1995. Wannan ba ƙaramin magani ba ne ga kaɗaici, kuma kayan gyaran Mustang da Camaro na da har yau ana ƙera su sababbi.

Amma sharaɗin shi ne ya zama mai gyara da hannunsa. Idan sai ya kai wa makanike, to ya buɗe wa fanshonsa rami. Kuma dole ya san abin da ya hau. Da yawansu birkin ganga ne gaba da baya, ba jakar iska, bel ɗin kujera na ƙugu ne kawai. A 2009 cibiyar gwajin haɗari ta kamfanonin inshora ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Malibu ta 2009 suka yi karo gaba da gaba. Tsohuwar, wadda kowa ke cewa ƙarfe ce zalla, ita ta murƙushe har wurin zaman direba. Motocin 1969 sun ɗan fi ta 1959, amma ba su kusanci na yau ba. Ƙashin tsoho kuma ba ya haɗewa da wuri. A jihohin arewa ana zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, gishirin na cin ƙarfe, don haka motar na kwana a rufe wata huɗu ko biyar a shekara. In dai yawon gari ne da rana, to. In kuwa mafarkin shi ne ya ɗauki uwargida su bi tsohuwar hanyar 66 daga Chicago zuwa bakin teku a Santa Monica, kusan kilomita 4,000, to ya nemi mota mai sanyi da birkin kirki, in ba haka ba tafiyar za ta ƙare da faɗa tun kafin a fita Misuri.

Akwai ƙaryar da mutane ke yi wa kansu, ita ce wai ai jari ne. Suna kallon gwanjon da ake nunawa a talabijin: Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi da aka sayar dala miliyan 3.5 a 2014, ko Mustang ɗin da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt da ta haura miliyan 3.7 a 2020. Ta farkon ba a ƙera ko ashirin irinta ba a wannan shekara, ta biyun kuma sunan ɗan wasan aka saya. Motar da ke garejin malam ba ɗaya daga cikinsu ba ce. Kasuwar nan ta taɓa faɗuwa bayan rikicin tattalin arziki na 2008, kuma waɗanda ke ƙaunar waɗannan motoci sa'o'in juna ne. Ranar da gwiwa ta hana shi taka kuloci, ta hana tsararrakinsa ma, kowa zai fito da tasa kasuwa lokaci guda. Jikokinsu kuwa motocin Japan na shekarun 1990 ne a ransu.

Haka zancen "ta ƙarshe". A Disamban 2023 aka daina ƙera Challenger da Camaro, kuma Dodge ya liƙa wa kowace mota ta wannan shekara wani ɗan allo a ƙarƙashin murfin inji mai nuna cewa kiran ƙarshe ne. Mutane suka saya suka lulluɓe, suna jiran farashi ya tashi. To abin da kowa ya ɓoye ta yaya zai yi wuyar samu? Balle ma kamfanonin nan sun saba yin bankwana su dawo. An binne Challenger a 1974 ta tashi a 2008, an binne Camaro a 2002 ta dawo bayan shekara bakwai. Injin Hemi da aka cire daga motar Ram, a 2025 aka ba da sanarwar dawo da shi saboda masu saye sun ƙi haƙura. Shi kuwa sabon Charger mai batir da aka sa wa na'urar kwaikwayon gurnanin inji, ban ga dattijon da zai yarda ya biya kuɗi a yi masa kukan doki da lasifika ba.

Saboda haka shawarata ga mutumin misalinmu ita ce ya zauna da wadda yake da ita. Ya gama biyanta, ya san tarihinta, ya san ƙarar da take yi idan wani abu ya fara lalacewa. Idan yana da biyu, ya duba wacce ta fi cin kilomita a shekara biyun da suka wuce, ya sayar da ɗayar tun ana nema. Idan kuwa ba shi da ko ɗaya kuma dole sai ya saya, ya nemi V8 na zamani marar ƙarin famfon iska, wadda wani ya riga ya sha faɗuwar farashinta na shekara uku ko huɗu, ya biya hannu da hannu ba bashi. Kafin ya biya, ya shiga ya fita sau goma a jere a gaban mai sayarwa, ba kunya. A wannan jarrabawa Challenger ke cinye sauran, don ta fi faɗi da tsayin kujera. Camaro kuwa tagoginta ƙanana ne har ja da baya ma aiki ne ga mai ciwon wuya. Ya kuma tafi da uwargida ta zauna a gefe, domin motar da ta ƙi shiga ba za ta riƙa fita ba.

Jefi-jefi akan ga irin waɗannan motoci a titunan Yamai, cikin motocin hannu na Amurka da ke shigowa ta Kwatanu, ko ta Lome tun bayan rufe iyakar Benin a 2023. Idan wani tsohon ma'aikacinmu ya ji zuciyarsa na motsi, ya tuna cewa motocin da ake lodowa daga can da dama an sayo su ne a gwanjon waɗanda suka yi haɗari ko ruwa ya ci, kuma mai ƙarfin inji ita ta fi yiwuwa an wahalar da ita. Tazarar cikinta da ƙasa bai kai santimita 15 ba. Tudun rage gudu na kowane ƙauye daga Doso zuwa Ƙonni zai gaisa da salansarta, ƴan duwan za su yi nasu lissafin a kan girman inji, kuma duk ƙaramin ƙarfen da ya karye sai an jira shi makonni daga ƙetaren teku.